Wa Ya Cinye Yinin Uwar Goyo?

Akwai wata irin nasiha da ta cika wayoyinmu a 'yan shekarun nan. Za ka ci karo da ita a Facebook, za a turo maka ita a WhatsApp, wani lokaci da muryar wata hajiya mai taushin magana, wani lokaci da hoton ɗakin girki mai ƙyalli wanda ko ɗigon toka babu. Darasin kullum ɗaya ne: uwargida, ki iya tsara lokacinki. Ki tashi kafin asuba. Ki jiƙa wanki tun dare. Ki dafa miyar kwana uku ki sa a firji. Ki yi goge-goge lokacin da jariri ke barci. Idan la'asar ta riske ki ba ki gama ba, to son jiki ne da yawan danna waya.

Muna so masu wannan nasiha su ɗauko ta su kawo ƙasar Bukkuyum. Su je Gwashi ko Adabka ko Nasarawar Burkullu, su karanta wa matar da ke goye da ɗan wata takwas, ɗan shekara uku yana jan zanenta, damin gero yana jiranta a tsakar gida, randa kuma ta bushe tun jiya. Wane firji? Da wace wuta? Wane barcin jariri za ta jira, alhali a bayanta yake barcin, ita kuma tana riƙe da taɓarya? An bar jaki ana dukan taiki. Matar nan ta fi duk mai nasihar iya tsara lokaci, don da ba ta iya ba, da gidan bai ci tuwo jiya ba. Abubuwa uku ne suke cinye yininta: ruwa, itace da turmi. Babu ɗaya a cikinsu da dabararta ita kaɗai za ta rage.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ƙa'ida da ake koya wa ɗalibi tun yana jami'a. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Gene Amdahl ne ya bayyana ta a 1967. Ma'anarta a sauƙaƙe: idan kana son aiki ya yi sauri, fara auna wane ɓangare ne ya fi cin lokaci. In ka ɓata ƙarfinka wajen gyara ɓangaren da ke cin kaɗan, ko ka mayar da shi kamar walƙiya, aikin gaba ɗaya ba zai motsa ba. To a gwada wannan a tsakar gida. A ce shara tana cin rabin awa cikin yinin aiki na awa 12. Mace ta koyi duk dabarun shara na duniya ta rage rabi, minti 15 kawai ta samu. Masu nasiha sun taru a kan minti 15 ɗin nan, sun kau da kai daga inda awanni suke zubewa.

Mu fara da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata don sha da girki da ɗan tsabta. Gida mai mutum takwas, wanda a wajenmu ba babban gida ba ne, yana buƙatar lita 160. Jarka takwas ke nan mai lita 20, nauyin kilo 160 a kowace rana ta Allah. In zuwa da layi da dawowa sun ci minti 20 a kowane sawu, an tasam ma awa uku. Wannan kuwa lissafin gidan da babu jariri ne. Mai goyo tana da tsumman kashi da na fitsari, tana da wankan yara safe da yamma, tana da kwanon kunu da ƙuda ba zai bari ya jira ba. A 2016 UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata a duniya suna kashe awa miliyan 200 kullum wajen ɗibar ruwa. Wani kaso na awannin nan a bakin fanfon tuƙa-tuƙa na unguwarku ake ƙirga shi.

Sai turmi. Wanda ya saba a miƙo masa fura a kwano bai san tafiyar da gero ya yi kafin ya iso gabansa ba. A yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace, a wanke, a daka, a tankaɗe, a cura, a dafa, a kirɓa, sannan a dama. Tuwon dare ma da nasa layin. Injin niƙa ya ɗan sauƙaƙa wa iyayenmu mata, amma injin da mai yake tafiya. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haye 1,000 a wurare da yawa. Mai inji ya ƙara kuɗin niƙa, maigida bai ƙara kuɗin cefane ba, giɓin kuma sai ya koma kafaɗar mace. Duk masu sharhin tattalin arziki sun yi magana kan kuɗin mota da farashin shinkafa. Mun jira mu ji wanda zai ƙirga matan da suka koma ga taɓarya, har yau shiru.

Na uku itace. Da can nisa ne kawai matsalarsa. Yanzu dajin da ake shiga neman itace shi ne dajin da 'yan bindiga suke kwana. A Janairun 2022 an kai hare-hare ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Tun kafin nan da bayan nan mutanen ƙauyuka suna ta kwararowa cikin garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum. Layin fanfo ya ƙara tsawo, ƙullin itace ya ƙara tsada. Mace ta koma hura kara da kashin shanu da ɗanyen icce, wuta tana mutuwa tana fifitawa, tukunyar da za ta nuna cikin awa ɗaya ta kai biyu. Hayaƙin kuma ba ita kaɗai ke shaƙa ba, akwai wani ƙaramin hanci a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, daga ciki akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000.

Wannan ƙaramin hancin shi ne abin da masu nasiha suke mantawa. A gidajenmu wurin aikin uwa da wurin rainon yaro wuri ɗaya ne. Duk abin da aka ɗora wa uwa, an ɗora wa ɗan da take goyo. Mu mutanen yammacin Zamfara ba a littafi muka karanta wannan ba. A 2010 yara suka riƙa shiɗewa suna mutuwa a Yargalma da Tungar Guru a nan Bukkuyum, da Dareta da Abare da Bagega a Anka, har likitocin MSF suka gano gubar dalma ce. Kimanin yara 400 suka rasu. Ta ina gubar ta shiga? Maza suna haƙo dutsen zinare, a kawo shi cikin gida, a fasa, a daka a turmi, a niƙa a injin gari, ƙura ta sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da masana na Amurka da na Najeriya suka yi a ƙauyuka biyu ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda, kuma gida biyu cikin uku ana sarrafa dutsen a tsakar gida. Cikin abubuwan da suka ƙara haɗarin mutuwar yaro har da kasancewar uwarsa tana cikin masu aikin dutsen.

Iyayen nan ba sakaci suka yi ba. An ƙara musu wani dakan ne a kan wanda suke yi, kuma ba su da inda za su ajiye goyo. Da aka zo wayar da kai bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, me aka ce? A riƙa wanke wa yara hannu kafin su ci abinci, a wanke tufafin masu zuwa haƙa, a yayyafa ruwa kafin shara. Shawara ce mai kyau, amma kowane layi nata jarka ce, kuma kowa ya san kan da zai ɗauko ta.

Idan yini ya gaza, wani ne yake cika shi. Wannan wani kuwa yarinya ce 'yar shekara bakwai ko takwas. Ita ce za a ɗaura wa ƙaninta, ita ce mai zuwa niƙa, ita ce mai riƙe layin fanfo, ita ce mai talla. Yayanta namiji yana makaranta ko yana filin ƙwallo. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, ana gyara azuzuwa, madalla. Amma a gina aji da gilashi in an ga dama, yarinyar da ke cike giɓin awannin uwarta ba za ta zauna a ciki ba. Duk wanda yake son ganin 'ya mace a makaranta ya fara tambayar wa zai ɗebo ruwan da take ɗebowa.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don mun sha jin su a majalisa.

Za a ce iyayenmu da kakanninmu haka suka yi kuma ba su mutu ba. Da farko, da yawa sun mutu, 'ya'yansu ma sun mutu, maƙabartun garuruwanmu shaida ne. Na biyu, kakanninmu a gandu suka zauna. Gida ɗaya mata biyar ko shida, ana daka tare, ana karɓa-karɓar girki, kaka tana zaune a inuwa da jikoki, daji kuma yana bayan gari babu mai tare ka. Yau gandu ya watse, gudun hijira ya raba uwa da 'yarta, amarya tana ɗakin haya ita kaɗai da yara uku. An bar mata aikin mata shida, an ɗauke biyar ɗin.

Za a ce talauci ne. Gaskiya ne akwai talauci, kuma akwai magidanta da suke fita tun duku-duku su dawo da abin da bai kai mudu ba. Ba da su muke ba, ko da yake su ma suna da hannu biyu da za su iya ɗaukar jarka. Muna magana ne da wanda bai taɓa rasa kuɗin kati da data ba, bai taɓa fashin teburin mai shayi ba, babur ɗinsa yana jingine a zaure, amma kuɗin ɗan garuwa da na niƙa sun zama abin faɗa. Muna magana da wanda zai dubi matarsa ta rame da goyo da aiki ya ce ta daina gyara, maganin da ya gano kuma shi ne ya ƙaro wata. Kuɗin lefe ɗaya zai sayi ruwan kura na watanni masu yawa.

Za a ce lada take samu, aljannarta tana nan. Allah ya ba ta ladan. Amma ladan da wani zai samu don ya yi haƙuri ba ya sauke haƙƙin da ke wuyanka. A Gusau aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci ranar 27 ga Oktoba 1999, kafin kowace jiha a Najeriya, kuma muna alfahari da hakan. To a buɗe littattafan da ake karantarwa a zaurukanmu. Muhtasar na Shaihu Halil, a babin ciyarwa, ya lissafa ruwa da itace tare da mai da gishiri da nama cikin abin da ake ɗora wa miji. Ya kuma ɗora wa mai hali samar da mai hidima ga matar da irinta ake yi wa hidima. Ko a inda malamai suka ce mace za ta yi aikin cikin gida irin su kwaɓa da shara, samar da ruwan da itacen yana cikin lissafin maigida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya fi mu zafi a kan wannan. A Nurul Albabi ya soki masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma gargaɗi mata game da masu yi musu wa'azin biyayya ga miji kaɗai, suna ɗora musu girki da wanki kamar Allah ne ya farlanta. Nana A'isha kuma ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, idan lokacin salla ya yi ya fita. Shekara nawa muka yi muna jin wa'azin haƙƙin miji a lasifika? Sau nawa aka karanta mana babin ruwa da itace?

Wasu 'yan boko kuma za su ce maganin inji ne, a kawo fasaha. Muna tare da su har rabin hanya. Masanin tattalin arziki ɗan Koriya ta Kudu, Ha-Joon Chang, ya yi iƙirari a 2010 cewa injin wanki ya canza duniya fiye da intanet, kuma mu masu cin abinci da intanet ba mu ga abin musu a ciki ba. Da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 an sha wahala, amma an ci tuwo. A rufe fanfo kwana biyu a gani. A Mali, tun shekarun 1990, an gwada ba ƙungiyoyin matan ƙauye inji guda mai niƙa da surfe da cajin batir, su ne masu shi, su ne masu karɓar kuɗi, kuma ya ɗauke musu awannin daka. Akwai murhu mai tsimin itace irin Save80 da ake haɗawa a Kano. Akwai rijiyar burtsatse mai aiki da sola, wadda ba ruwanta da farashin fetur.

Sai dai inji shi kaɗai yana da wayo. Wata masaniyar tarihi Ba'amurkiya, Ruth Schwartz Cowan, ta nuna a 1983 cewa da injuna suka shiga gidajen Amurka, ayyukan da maza da yara suke yi ne suka fara ɓacewa, uwa kuma aka ƙara mata buri: wanki kullum, girki kala-kala, gida kamar asibiti. Awanninta ba su ragu yadda aka zata ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2018 mata ne ke yin fiye da kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya, awa 4 da minti 25 a rana, maza kuma awa 1 da minti 23. Wannan lissafin ya haɗa har da ƙasashen da kowane gida ke da fanfo. Saboda haka in fanfo ya iso ƙofar gida, aka ce tunda ta samu sarari sai ta ƙara da dakan dutse ko wankin 'yan'uwan miji, an dawo gidan jiya. Awar da aka ceto ta uwa ce. Ta shayar da ɗanta a zaune. Ta kai shi rigakafi. Ta je Islamiyya. Ta yi sana'ar da kuɗin zai shiga hannunta. Ko ta kwanta ta yi barci, don barcin mai jego ba laifi ba ne.

Ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin masu shi.

Magidanta, ku ɗauki mako guda ku auna. Wayar da ke hannunku tana da agogo. Ku rubuta lokacin da ruwa ya ci, da na itace, da na daka, da na wanki. Ranar Juma'a ku duba wanda ya fi girma ku ɗauke shi. In da hali a biya ɗan garuwa, in babu a ɗaura jarka a babur ko a jaki kafin a tafi gona. Kuɗin niƙa ya zama daban da kuɗin cefane. Ku karɓi yaro na awa ɗaya bayan la'asar, ba zai rage muku girma a majalisa ba.

Iyaye mata, musamman surukai, ku daina kiran ɗan da ya taya matarsa aiki mijin-ta-ce. Ku kuma daina hana yara maza taɓa tsintsiya da kwano. Almajiri yana wanke kayansa da kwanonsa, bai zama mace ba. Yaron da ya tashi yana kallon ƙanwarsa tana aiki shi yana zaune, shi ne maigidan da 'yar wani za ta yi kuka da shi gobe.

Limamai da masu wa'azi, huɗuba ɗaya a wata kan haƙƙin ciyarwa, da sunan ruwa da itace a fili, za ta yi aikin da taron bita goma ba zai yi ba.

Shugabannin ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka da Gummi, tun ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Bukkuyum kaɗai ta haura mutum 200,000 tun a ƙidayar 2006. A zagaya mazaɓa-mazaɓa a ƙirga fanfunan da suka mutu, a liƙa jerin a sakatariya kowa ya gani, a gyara su kafin a haƙa sabo don ɗaukar hoto. A horar da masu gyara a cikin garin, a ajiye kayan gyara kusa. Lokacin rabon tallafi, maimakon atamfa da taliya, a ba ƙungiyar matan unguwa injin niƙa mai sola su riƙe da kansu. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kuma ta tuna da matan da 'yan bindiga suka mayar zawarawa, waɗanda ba su da maigidan da za a yi wa wannan faɗan. Waƙafin rijiya a unguwar 'yan gudun hijira sadaka ce mai gudana da za a iya ƙirga amfaninta da awa.

Masu nasihar waya kuma, ba mu ce ku yi shiru ba. Ku canza wanda kuke yi wa magana. Matar Bukkuyum ta ji naku, ta tashi kafin asuba tun kafin ku ce ta tashi. Saƙo na gaba ku tura wa mijinta, da ɗanta, da limamin unguwarsu, da kansilan mazaɓarsu. Ku tambaye su jarka nawa ta shiga gidan jiya, kuma a kan wa ta shigo.